Kwalin Ƙarƙashin Tebur

Mai shago bai taɓa zubar da kaya ba, har alfahari yake da hakan. Biskit ɗin da ya farfashe a hanya, cakulan da zafi ya narkar, lemon kwalba da kwanansa ya kusa ƙarewa, duk a kwali ɗaya yake tara su ƙarƙashin tebur. Gefen kwalin akwai 'yar kujera. A nan 'yarsa, wadda suke kira Gimbiya, take zama daga tashin makaranta har uwarta ta taso daga wurin ɗinki da yamma. Ba ya barinta ta fita wasa, titin motoci ne kamar ba su da birki. Da ta fara ƙorafi sai ya zura hannu a kwali.

"Kar ki gaya wa Mama," yake cewa, su yi dariya. Shekara huɗu ana haka. Shi a ganinsa ya yi dabara, ba asara, ba kuka.

Wuyan yarinyar ne ya fara yin baƙi. Uwar ta ɗauka dauɗa ce, ta yi wata uku tana dirza da soso har wurin ya saɓule. Da ya ƙi fita suka tafi asibiti. Likita ta ɗora ta a ma'auni, ta duba wuyan, ta cire tabarau.

"Wannan ba datti ba ne. Ƙiba ce ta yi mata yawa, jikinta ya fara kasa sarrafa sukari. Shekara tara fa! Me kike ba ta?"

"Abin da muke ci, likita," in ji uwar.

"Tsakanin makaranta da gida fa?"

Mai shago yana tsaye a gefe. Gimbiya ta ɗago ta kalle shi, sannan ta ce, "Ba na cin komai."

Sai faɗan ya sauka a kan uwar. A rage mai, a rage zaƙi, a ƙara ganye da wake, yarinya ta motsa jiki kullum. Uwar tana ta "to, to," kanta a ƙasa, shi kuwa gogan naka ya tsura wa kalandar bango ido kamar za a yi masa jarrabawa a kai.

Baiwar Allah ta ɗauki abin da gaske. Ta raba kanta da soye-soye, ta sayo igiyar tsalle, ta daina hawa mota da safe don su taka zuwa makaranta tare, ko da za ta makara a sha mata ƙamshi a wurin aiki. Shi ma ya rantse a ransa an rufe kwali. Ya sayo lemon ɓawo, ya share bayan shago don tsalle. Kwana shida ya riƙe.

Ran na bakwai Gimbiya ta ajiye jaka, ta tura lemon gefe.

"Baba, cakulan."

"Babu, 'yata. Kin ji abin da likita ta ce."

"To zan gaya wa Mama. Tun daga farko zan gaya mata."

Ba kuka ta yi ba, ba ta ko ɗaga murya ba. Ya tuno matarsa durƙushe da soso, ya tuno kanta a ƙasa gaban likita. Kalma biyar ta ishe shi ya wanke ta, ya ceci 'yar. Amma kunya ta fi ƙarfinsa, kuma ya sani sarai tsoro ne kawai ba wani abu ba. Ya zura hannu.

Bayan wata biyu suka koma asibiti. Ma'auni ya ƙara kilo ɗaya. A hanyar gida Gimbiya tana gaba tana haki, uwar ta rage tafiya har suka jera da shi, idonta ya kawo ruwa.

"Baban Gimbiya, don Allah kai da kake gefe, gaya min. A ina nake kuskure?"

Ya gyara murya. "Ki dai ƙara ƙoƙari," ya ce.

Ta gyaɗa kai, ta ce za ta ƙara.