Ɗingishin Tsigi

"Sake tafiya mu gani," in ji likitan ƙashi, yana nuna ƙofa da biro.

Tsigi ta zamo daga cinyar uwarta ta nufi ƙofar. Shekararta uku, lafiyayya, ga surutu kamar rediyo, amma duk taku sai ta karkata hagu, ta ajiye ƙafar dama a hankali kamar mai taka ƙwai. Uwar ta kau da kai, idonta ya ciko. Wata guda ke nan ba ta barcin kirki.

Kakan yarinyar, wanda kowa ke kira Mai Keke saboda gyaran keken ɗinki ne sana'arsa, yana zaune a gefe ya dafe gwiwa. Shi ya dage a kawo ta nan, domin wannan likitan ne ya sa masa ƙarfe a ƙugu kusan shekara goma da suka wuce, ta wata 'yar kafa da tabonta bai wuce tsawon yatsa ba. Tun a mota yake lissafi a zuci: in gado ne, daga jininsa ya fito. Shin mutum yana da laifi a kan abin da ya bayar bai sani ba?

Likita ya kwantar da yarinyar, ya lanƙwasa ƙafar, ya juya ta ciki da waje. Tsigi ta ƙyalƙyale da dariya.

"Da zafi?"

"Cakulkuli ne!"

Ya ɗaga hoton ƙashinta ga haske, ya daɗe yana kallo. "Ƙashin nan ba abin da ya same shi. A ina take wuni?"

"A shagon Baba," in ji uwar. "Ni ina makaranta ina koyarwa. Tun tana rarrafe take wurinsa."

"Baba, don Allah miƙo mini fayil ɗin can na kan kabad."

Mai Keke ya miƙe. Ya karkata hagu, ya ajiye ƙafar dama a hankali. Tsigi ta diro daga gado ta bi bayansa, taku bisa taku, har da ɗan nishin da yake yi. Uwar ta buɗe baki, ta kasa rufewa. Sai dariya ta ƙwace mata, hawayen da ta tara suka zubo tare da ita.

"Baba! Ashe kai ne ciwon!"

"Ni kuma?"

"Zauna tukuna," in ji likita, shi ma yana murmushi. "Ƙugun yana maka ciwo?"

"Ko kaɗan. Tun shekarar farko rabona da ciwo."

"To ɗingishin na mene ne?"

Mai Keke ya gyara zama, irin zaman da yake yi in zai yi wa tela bayanin injinsa. "Likita, kai ka san ƙashi, ni na san ƙarfe. Duk ƙarfen da ke gugar ɗan'uwansa, cinyewa yake. Na ga haƙorin keke ya suɗe kamar sabulu. Sai na ce bari in riƙa lallaɓa shi, in ɗora nauyin a hagu, ya kai ni kabari ba a sake yanka ni ba."

Likita ya tura shi ɗaukar hoto. Da aka kawo, ya jera shi kusa da tsohon da ke cikin fayil ɗinsa. Mai Keke ya sa tabarau, ya matso har hancinsa na neman taɓa hoton. Ƙwallon ƙarfen na zaune daram a cikin gurbinsa, ƙashi ya rungume shi ta ko'ina.

"Da wuya ka bambanta su," in ji likita. "Yana cinyewa, gaskiyarka, amma kaɗan-kaɗan, kuma za mu riƙa dubawa. Naman cinyar ne ka bari ya yi lalaci. Keken da aka jingine ba a takawa, me ke samunsa?"

"Cijewa yake," in ji Mai Keke can ƙasa. Shekarun nan duka yana ganin hikima yake yi. Da tattalin nasa a kansa kaɗai ya tsaya, da sauƙi.

"Ita fa, likita?" in ji uwar. "Wane magani?"

"Ga maganinta nan zaune da tabarau. In ya miƙe, za ta miƙe."

Suka fito dogon barandar asibitin. Mai Keke ya tsaya, ya yi bisimilla, ya sauke dukan nauyinsa a kan ƙafar dama. Ya jira ya ji ƙara ko tsami. Shiru. Ya ƙara taku, ya ƙara wani, ƙirji a gaba, hannaye a sandare kamar sabon soja. Wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya da keken magani tana kallo.

"Baba, a hankali, kar ka wuce gida!" in ji 'yarsa, tana share ido da gefen mayafi.

Tsigi ta sheƙo da gudu, ƙafafunta biyu daidai, ta sha gabansa. Ta riƙe ƙugu, ta ɓata fuska.

"Kaka, ka manta ne? Ba haka ake tafiya ba. Tsaya in koya maka."

Ta karkata hagu, ta ajiye ƙafar dama a hankali, ta waigo ta ga ko yana bi.