Tudun Gonaki Arba'in

Auta yana kwance ƙarƙashin katafila yana matsa wa gaɓoɓinta mai, sai ya ga takalman Injiniya sun tsaya daf da kansa. Yau ko goge su ba a yi ba.

"Direba, fito mu yi magana."

Ya fito da rarrafe yana goge hannu da tsumma. Shekararsa arba'in da ɗaya, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma a gida har gobe Auta ne, tunda daga kansa mahaifiyarsa ba ta sake haihuwa ba.

Injiniya ya nuna yamma da eriyar rediyon hannunsa. Shekara goma sha biyar kamfani ya yi yana haƙo wani baƙin dutse mai nauyi a wurin nan, wanda aka ce da shi ake yin batirin waya. Yanzu dutsen ya ƙare. An cike yawancin ramin da ɓaraguzai da jar ƙasa, saura kusurwa ɗaya mai zurfin bene hawa huɗu, da koren ruwa kwance a gindinta. Kusa da bakin ramin kuwa akwai wani dogon tudu, shi kaɗai ne abu mai ganye a duk filin.

"Ƙarfe biyar babbar mota za ta zo ɗaukar katafilar nan," in ji Injiniya. "Gobe da safe jami'an muhalli za su zo dubawa. Ba na son su ga rami, ba na son su ga tudu. Ga tudu, ga rami. Ka gane ai."

"Yallaɓai, wancan ai ƙasar sama ce. Ita ce ta ƙarshe. Dutse ake fara zubawa, sai jar ƙasa, sannan a shimfiɗa ta a kai."

"Ni za ka koya wa? Da hannuna na rubuta tsarin." Injiniya ya murza idanunsa, sun yi ja kamar na mai zazzaɓi. "Tifofi sun tafi tun wancan makon. Da me zan kwaso ɓaraguzan daga can bayan sito, da hulata? Daga sama aka ce a rufe yau. Mutum uku zan tafi da su sabon wurin aiki, kuma sunanka yana ciki. Kada ka sa in nemi abin gogewa."

Bai jira amsa ba, ya shiga mota ya nufi gari wajen taron miƙa takardu.

Auta ya tsaya yana kallon tudun. Shi ya tara shi. Lokacin da kamfani ya zo, an rubuta a yarjejeniya cewa kafin a haƙa komai za a kankare ƙasar noma, zurfin kamu ɗaya, a tara ta gefe, ranar tafiya kuma a mayar wa mutane abarsu. Gonaki arba'in ne a wurin, har da ta mahaifinsa. Auta yana sabon direba a lokacin, ana ta yaba masa hannu, shi aka ba aikin. Cikin kwana tara ya feɗe gonakin nan kamar fatar rago. Wata guda cur mahaifinsa bai amsa gaisuwarsa ba.

Daga baya tsohon ya samo tasa dabarar. Duk damina sai ya lallaɓa mai gadi ya bar shi ya hau tudun ya watsa wake da irin ciyawa. Wai ƙasa in ta daɗe ba ta haihu ba mutuwa take yi. Ma'aikata suna yi masa dariya, suna ce masa manajan tudu, shi ko a jikinsa. Har bayan da yanar ido ta rufe masa gani bai fasa ba, da sanda yake hawa.

Yau ma yana nan. Tun da safe ya kafe sai Auta ya ɗauko shi a babur, don ya ji an ce yau ne ranar ƙarshe. Yana zaune kan benci a rumfar mai gadi, ya sa rigarsa ta zuwa unguwa, aljihun ya yi tulu da wake.

"Me ɗan bokon nan ya ce maka?" ya tambaya da ya ji takun Auta.

"Aiki ne kawai, Baba."

"Yau za ka mayar?"

Auta ya kalli mai gadi, mai gadi ya kalli ƙasa, don ya ji komai.

"Baba tsoho, ko in kunna maka rediyo ka sha labarai?" in ji mai gadi. "Ranar nan doguwa ce."

"Bar rediyonka, aikin ɗana zan saurara. Ai ido ne ya tafi, kunne yana nan. In dutse ya zuba, ƙara yake yi. In ƙasar kirki ce, shiru take kwanciya, sai dai ka ji ƙanshi."

Auta ya hau katafila ya tada ta. Ya tuƙa ta a hankali ya zagaya bayan tudun, ya sauke faifan turawa ya jingina shi da gindin ƙasar. Daga nan zuwa bakin rami bai fi taku sittin ba. Wallahi aiki ne mai sauƙi, kafin la'asar an gama. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, kuma a garin nan, in kamfani ya tafi, ba mai neman direban katafila ko da kyauta. Tsohon kuma ba ya gani. Ana iya ɗebo buhu biyu a zuba masa a wani gefe, a ce ga gonarka.

Ya ɗora hannu a kan giya, amma bai tura ba. Injin yana gurnani a ƙarƙashinsa, kujerar tana rawa a hankali, rana ta fara dukan gilashi. Can gaba, iskar da ke saman ramin tana ta kaɗawa kamar ruwa. Ya zuba mata ido har idanunsa suka yi nauyi.

Sai ya ga gonar. Tana nan inda take tun asali, daidai da bakin ramin, shimfiɗe a kan iska babu komai a ƙarƙashinta. Kunyoyi sun miƙe sambal, masara ta kai ƙugu, saiwoyinta suna reto a sarari kamar gemu. Ta tsakanin saiwoyin yana hango koren ruwan can ƙasa, da gajimare a cikinsa. Ga mahaifiyarsa, wadda ta rasu shekara takwas da suka wuce, tana tafe a kan kunya da tulu a ka, ba ta ko kallon inda take sa ƙafa. Tana tafiya ƙura tana tashi daga diddigenta, ƙurar tana sauka a hankali cikin ramin.

A can gefen gabas kuma ga Baba da ƙarfinsa, baƙin gemu, ya riƙe fartanya, yana cacar baki da maƙwabcinsa Gajere. Kai, wannan rigima! Shekara ashirin suka yi suna yinta a kan taku ɗaya na iyaka. Baba ya ce Gajere yana matsar da dutsen iyaka duk shekara, Gajere ya ce dutsen da ƙafarsa yake tafiya don ya gaji da ganin mugun noma. An yi sulhu ya fi sau goma. Ranar jana'izar Gajere ma Baba ya je, ya yi kuka har da majina, a hanyar dawowa kuma ya ce, "Allah ya jiƙansa, amma dutsen nan shi ya matsar." Yanzu ga su can suna nuna juna da yatsa a kan iska, ba a jin muryarsu, sai baki ke motsi.

Mahaifiyarsa ta sauke tulun ta juyo. Ba ta yi fushi ba. Hannu kawai ta ɗaga ta kare rana tana duban katafilar, kamar yadda take yi in ta hango shi ya makara da kawo iri.

Wani tsuntsu ya sauka a kan faifan ya tashi. Auta ya farka, gumi ya jiƙa masa wuya. Babu komai a saman ramin sai zafi. Ya ji kewar uwarsa ta taso masa, ya kuma ji kunya, irin wadda bai ji ba tun yana yaro.

Ya ja katafilar baya. Ya zagaya ta ɗaya gefen, ya ba ramin baya, ya fuskanci gabas inda aka riga aka cike aka daddale da jar ƙasa. Sannan ya soka faifan.

Tudun ya buɗe baƙi wuluk, da danshi a cikinsa. Ƙanshin ya shigo har cikin ɗakin tuƙi, ƙanshin ruwan farko. Saiwoyin wake na shekara goma sha biyar sun saƙe cikin ƙasar, ga tana tana murɗawa a rana. Ya tura, ya shimfiɗa, ya ja baya, ya sake ɗebowa. Bai bar kaurinta ya gaza kamu ɗaya ba, kuma bai bi ta kan inda ya shimfiɗa sau biyu ba, don kada nauyin ƙarfe ya danne ta. Abubuwa suka riƙa fitowa suna juyawa gaban faifan: bakin fartanya da tsatsa ta cinye, fasasshen tulu, takalmin roba ƙafa ɗaya. Fararen balbelu suka zo daga inda Allah kaɗai ya sani, suka bi bayansa a jere. Ya tsaya ya yi salla a inuwar katafila, ya kurɓi ruwa, ya koma. Abinci ko tunawa da shi bai yi ba.

Da la'asar ya shimfiɗa fili kamar gona biyu. Tudun ko rabi bai yi ba, ramin kuma yana nan baki buɗe.

Motar Injiniya ta iso tare da babbar motar ɗaukar kaya. Ya fito ya tsaya riƙe da ƙugu. Ya dubi ramin, ya dubi baƙin filin, ya dubi Auta da ke saukowa.

"Ka san abin da ka yi?"

"Na sani, Yallaɓai."

"Gobe za su ga ramin nan. Za su ƙi sa hannu. Sai an dawo da tifofi, sai an sake hayar katafila, kuma ni za a kira a wanke tas."

"Haka ne. Ka yi haƙuri."

"Haƙuri!" Injiniya ya ciro takarda daga aljihu, ya ja layi ɗaya a kan sunan Auta da biro, a gaban idonsa. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya a bakin filin. Ya sunkuya ya ɗebi ƙasar, ya daɗe yana murza ta. "Shafi na goma sha bakwai na tsarin," ya ce, ba da kowa yake ba. "Ina sabon gama makaranta na rubuta shi." Ya kakkaɓe hannu a wandonsa ya tafi wajen masu lodi.

Auta ya je rumfa ya kamo hannun mahaifinsa. Suna tafe tsohon yana buɗa hanci.

"Ban ji ƙarar dutse ba yau," ya ce.

"Babu dutse, Baba."

Da sandarsa ta nutse a ƙasa mai laushi sai ya tsaya, ya tuɓe takalma, ya durƙusa da rigarsa ta zuwa unguwa. Ya cika tafinsa, ya dunƙule, ya kai hanci.

"Tawa ce," ya ce a hankali. "Wallahi tawa ce. Ji yadda take kama hannu."

Ya ci gaba da murzawa da babban yatsa. Sai fuskarsa ta canza.

"Auta, akwai yashi a ciki. Tawa ba ta da yashi." Ya matsa gaba da gwiwa ya ɗebi wata, ya sake matsawa ya ɗebi wata. "Nan ma. Wannan ta Gajere ce! Ko a mafarki na san ta, ƙasar da ko gyaɗa sai ta yi mata alfarma."

"Wuri ɗaya na tara su, Baba. Duka arba'in ɗin."

Tsohon ya saki ƙasar ta zube daga tafinsa. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, Auta ya ɗauka kuka yake, ashe dariya ce, ko da yake hawayen ma suna zuba.

"Ɗan banzan mutumin nan! Shekara ashirin ina hana shi taku ɗaya. Ya bari sai da ya kwanta dama, sannan ya shigo min gona gaba ɗaya." Ya share ido da bayan hannu. "Ko kuma ni na shiga tasa. Wa zai raba mu yanzu?"

A bayansu an ɗaure katafilar da sarƙoƙi, babbar motar ta ja ta ta fita ta ƙofar da Auta ya shekara goma sha biyar yana shiga. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Bai san abin da zai faɗa wa matarsa ba. Gabas ta fara haɗa hadari, iska mai sanyi ta taso.

Baba ya dafa sanda ya miƙe, ya zura hannu a aljihun wake.

"Ina iyakar take?"

"Babu iyaka, Baba."

"To. Gobe ka je ka kira min 'ya'yan Gajere, su zo da irinsu."

Ya soka sanda a ƙasa, ya jefa ƙwaya biyu, ya yi taku ɗaya, ya sake sokawa. Ya miƙe gabas abinsa, bai tsaya ƙirga taku ba. Auta ya kwance takalmansa na aiki ya ajiye a gefe, ya bi bayan tsohon yana rufe ramukan da ƙafa.