Ɗakin Hoton Haƙori

—kuma ba ta ce "me ya sa" ba! Wallahi, Mama, likitar ba ta ce ba. Ni da na tanadi ƙarya kala-kala a baki, ko ɗaya ban taɓa ba. Dubi yadda nake hawa matakalar nan bibbiyu kamar wadda aka kira karɓar kyauta... bari in yi a hankali, kada in faɗi a bainar jama'a. Hawan sama, ta ce, ƙofar ƙarshe, babu allo a jikinta. Babu allo! Ƙasa shagon tabarau ne, ko Gwaggo da kanta ta gan ni ina shiga, ido na zo dubawa. Gwaggo, wadda in ta ji magana da safe, kafin azahar dangi kaf sun ji, har da ƙari.

Daɗi nake ji. Abin kunya ne? Mutum zai je ya tona asirin kansa yana murna?

Ke dai kin san halinki, Mama. Tun ina goye har na fara aiki a shagon takalma, ban taɓa ganin likita ni kaɗai ba. A tambaye ni ina ke ciwo, ke ce mai amsawa. Makon jiya ma ga ki nan a kujerar gefe, jaka a cinya, likitar haƙori ta zura ɗan madubinta bayan haƙorana na gaba... ta daɗe tana dubawa. Na ce shi ke nan, yau kashina ya bushe.

"Hajiya, hoto za mu ɗauka. Ba a barin kowa a ɗakin sai mai ciwon, saboda hasken na'urar."

Kika fita. Ta ɗora mini rigar nan mai nauyi a ƙirji, ta tura ƙofa — ba ta ko taɓa na'urar ba. "Bayan haƙoranki ya zaizaye. Ruwan ciki ke yin haka. Kina sa kanki amai bayan kin ci abinci?" Haka kawai, kamar mai tambayar ƙarfe nawa. Na ce e. Ni! Shekara da shekaru ina lallaɓawa banɗaki da an kwashe kwanuka, ina gode wa Allah da rediyonki na kicin da kike ƙure wa murya bayan an ci abinci, Baba da Yaya na falo ba su jin komai... sai ga shi na ce e, bakina cike da auduga.

Ciwo ne, ta ce. Ba rashin godiya ba, ba iya shege ba. Yana da suna, yana da masu magani — ta kwatanta mini inda suke, wurinsu na zo yau. Abin da na faɗa kuma nan zai tsaya, sai in raina na cikin haɗari, ko a lokacin ma ni za a fara gaya wa. Na so in rungume ta da rigar nauyin da komai!

Ga ƙofar. Da gaske babu allo. Kai, dubi kujerun — duk taga suke kallo, ba mai fuskantar wani. Wa ya yi wannan dabara? Allah ya yi masa albarka. Ga wani dattijo da jakar ofis, ga wata sa'ata tana murza zobe. Ashe muna da yawa? Matar da ke tebur ba ta ɗaga murya da sunana ba, kai kawai ta gyaɗa. Zan warke. Zan zauna kusa da ke in ci shinkafa, in ci gaba da zama, in yi ta surutu har ki kore ni. Kuma ba za ki taɓa sani ba, ba za ki yi kukan nan naki marar sauti ba, ba za ki ce ke kika gaza...

Jakar yarinyar can irin taki ce.

Jakar. Tsaya — kin ɗauke ta kafin likitar ta rufe baki. Ke da kika taɓa yin cacar baki da ma'aikaciyar jinya don ta ce ki jira a waje, ranar ko uffan. Kuma wa ya zaɓi likitar? Muka wuce na bakin layinmu, muka hau mota har can nesa, kika ce wai an yaba miki hannunta. Yau da safe ba ki tambaye ni ina za ni ba a ranar hutuna. Ɗankwalina kawai kika gyara.

Rediyon... ke da ba kya son hayaniya. Bayan an ci abinci kawai kike ƙure shi. Kullum. Daidai lokacin da na tashi.

Tun yaushe, Mama?

An buɗe ƙofar ciki, wata mata tana mini murmushi, tana nuna mini hanya. Ƙafafun da suka hau matakala bibbiyu sun ƙi tashi.