Kwale-kwale a Tsakar Gidan Kande

Tun ranar da Malam Ɗantala ya yi ritaya, matarsa Kande ta san da sauran rina a kaba. Makonni biyun farko, kullum ƙarfe bakwai sai ya yi wanka, ya sa kaftani da takalmi kamar mai tafiya ofis, sannan ya je zaure ya zauna kan tabarma yana kallon bango har azahar. Ta yi ta addu'a Allah ya ba shi abin yi. Kiwon kaji take nufi, irin na sauran tsofaffin ma'aikatan unguwarsu ta Shamaki. Addu'ar dai ta karɓu, sai dai ba da kaji ba. Wata safiya a-kori-kurar Noah ta tsaya a ƙofar gida, shaƙe da katakon nan fale-fale da kafintoci ke kira filawud. Noah tsohon direban ofishin su Malam ne, mutumin Kaltungo, yanzu yana dakon kaya a Bolari.

"Malam, silin za a sake mana?" Kande ta tambaya, tana kallon ana shigo da katako ɗaya bayan ɗaya.

"Kwale-kwale zan ƙera," in ji shi. "Na kamun kifi."

"A Gombe? A garin da ruwan sha ma sai mun jira mai kura?"

"Dadin Kowa fa? Dam guda yana can yana jirana."

Ta dube shi sama da ƙasa. Gaskiya ne shekara talatin da biyar ya yi a sashen kula da kifi na ma'aikatarsu, amma wasiƙu yake bugawa. Kifin da ya taɓa riƙewa a duniya shi ne wanda ta soya ta ajiye masa a faranti. Ta buɗe baki za ta faɗa masa haka, sai ta ga yadda idonsa ke ƙyalli, ta haɗiye maganar. A ranta ta ce kwana uku ne zai gaji.

Wata huɗu bai gaji ba. Tsakar gidan nan dama ba wani fili ne da ita ba, ɗakuna sun kewaye ta ta gefe uku, amma a nan Malam ya kafa aikinsa, daidai tsakiya. Aka ture turmi can gindin bango, aka kwance igiyar shanya, Kande ta koma shanya a kan ƙofar madafa. Garin katako ya shiga miyar kuka, ya shiga tulu, ya shiga har cikin gado. Ludayinta na duma, wanda ta fi so, wata rana ta tarar da shi ana dama gam da shi. Wuni ake yi ana jin ƙarar zarto da muryar wani Bature mai gemu a cikin waya, yana koyar da yadda ake lanƙwasa katako. Malam zai tsayar da hoton, ya ɗauki tef ya auna, ya sake aunawa, ya rubuta a littafi. Mutum ne da ba ya yanka komai sai ya auna sau biyu, kuma ya fi kowa alfahari da hakan.

"In ka gama, ta ina zai fita?" ta tambaye shi tun a watan farko.

"Kande ke nan. Tun kafin in sayi katako na auna ƙofofin zaure duka biyun. In aka karkata shi a gefe zai wuce, har da rarar yatsa huɗu."

A haka autarsu Fiddausi ta zo goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Yarinya da tsohon ciki, sai ta yi ta raɓe-raɓe jikin bango kafin ta kai banɗaki, don jirgi ya cinye hanya. Ranar wata Juma'a ta sauka lafiya, aka sami ɗa namiji. Murna dai an yi ta, amma kafin a gama buɗa Kande ta soma lissafin inda za ta zaunar da mata ranar suna. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne uwar mijin Fiddausi, Hajiya Jumma ta GRA, macen da in ta shigo gida kusurwoyi take fara gaisawa da su kafin masu gidan. Ita za ta zo ta tarar da jirgi mai tsawon ƙafa goma sha huɗu a inda ya kamata a shimfiɗa mata darduma.

"Malam, Juma'a mai zuwa suna. Ina son tsakar gidana kafin Alhamis."

"Fenti ne bai gama bushewa ba."

"Ya bushe a hanya."

Ya yi kunnen uwar shegu har Laraba. Ranar da hantsi Noah ya zo da majiya ƙarfi uku, aka yi sallama, mata suka shige ɗaka, Kande ta tsaya a bakin madafa tana kallo. Jirgin ya sha shuɗin fenti, kuma ko da yake ba za ta taɓa faɗa ba, ya yi kyau. Suka ɗaga shi, suka karkata shi a gefe, suka nufi zaure. Sai hancinsa ya ce ƙum da katanga.

Wannan katanga tana da tarihi. Lokacin da aka kawo Kande gidan tana amarya, ƙofofin zauren biyu suna kallon juna ne, wanda ya gina gidan bai yi tunanin mata ba. Duk wanda ya tsaya a shagon telan da ke tsallaken titi yana hango ta tana daka. Kwana uku ta yi ba ta fito tsakar gida ba sai da lulluɓi. Malam ya sayo bulo, ya yi Asabar biyu yana gini da hannunsa, ya tayar da guntuwar katanga a cikin gida, taku biyu daga ƙofar zaure, yadda duk mai shigowa sai ya karya hagu. A karkace take, amma ita ce abu na farko da ya taɓa yi mata. Shekara talatin da uku ke nan, kuma duk sallah sai ta sa an shafe ta da farar ƙasa. Malam ya kewaye ta sau dubu nawa, har idonsa ya daina ganinta. Ya auna ƙofar ciki, ya auna ta waje, bai auna kwanar ba.

Suka ja baya suka sake gwadawa ta gindi. Suka ɗaga hanci sama, suka sauke. Fenti ya kankare a wuri biyu, kowane karce sai Malam ya runtse ido. Noah ya ɗaga kai ya duba ko za a haura da shi ta sama, ya ga rufin ɗakuna ta ko'ina, ta gaba kuma wayoyin wuta sun sauko har suna shafar kwanon zaure. Ya share gumi da hularsa.

"Malam Ɗantala, gaskiya ɗaya ce. Ko katangar nan ta tafi, ko jirgin ya zauna."

"Katangar Kande ce," Malam ya ce, ko numfashi bai ja ba. "Ba mai taɓa ta."

Aka mayar da jirgi tsakar gida, wannan karon ma a gicciye, ya fi da tare hanya. Su Noah na fita Kande ta fito, ta cika ta yi fam.

"Ka auna ƙofa, ka auna ƙofa, ka cika mini kunne da yatsa huɗu. Katangar da kake kewayewa sau goma a rana ba ka gan ta ba? Wata huɗu ina cin garin katako, ban ce komai ba. Jibi suna, Malam. A kan kaina zan ɗora surukai?"

Ya yi tsuru-tsuru, tef na reto a wuyansa.

"Ko ka fitar da shi, ko ka yanka shi, ni duk ɗaya ne a wurina. Dama itacen ruwan jego muke nema."

Ya juya ya koma gefen jirgi yana shafa inda fenti ya kankare. Abincin rana ma cokali biyu ya yi ya ture.

Washegari Alhamis da sassafe ta hura wuta a ƙarƙashin tukunyar wankan jego, ta zuba ganye, tana fifita. Ta ɗaga kai sai ta ga Malam tsugune a gefen jirgi. Ya auna daga hanci zuwa tsakiya, ya sa alama da fensir. Ya koma ta gindi ya auno, ya ga alamar ta yi daidai. Ya ja layi tun daga wannan baki har wancan, a miƙe sak. Haushi ya turnuƙe ta. Mutum zai lalata abu ma sai ya auna sau biyu. Ya ɗauko zarto ya ɗora haƙoransa a kan layin, ya tsaya. Ya ɗaga, ya share wurin da tafin hannu kamar akwai ƙura, ya sake ɗorawa.

Tausayinsa ya kama ta, kuma tausayin ya fi komai ba ta haushi, don ba ta shirya masa ba. Ta san abin da zai biyo bayan zarton nan. Za a yi suna lafiya, Hajiya Jumma ta zauna kan darduma ta tafi, ranar Asabar kuma ƙarfe bakwai Malam zai sa kaftani da takalmi ya koma zaure yana kallon bango. Wannan karon babu wata addu'a da ta san za ta tashe shi.

Ta yi tsaki, ta ajiye mafici, ta je gindin bango ta ɗauko taɓarya. Ta wuce shi ba ta ko dube shi ba, ta tsaya gaban katangar, ta ɗaga ta maka mata. A bugu na uku bulon sama ya rufto, ya watse kamar ƙuli-ƙuli.

"Dubi nan," ta ce tana haki. "Shekara talatin da uku ina jingina da wannan abu, ashe yashi ne zalla. Allah ya sa jirgin ya fi ta ƙwari."

Malam ya miƙe, zarto a hannu. "Kande, gobe suna fa. Mutanen titi za su riƙa hango ku."

"Domina ka gina ta, ba sai ka gaya mini amfaninta ba. Ajiye zarton nan ka kira Noah, ka ce ya zo da guduma."

Kafin azahar an share wurin tas. Aka karkata jirgi a gefe, ya bi ta ƙofar ciki, ya bi ta waje, a miƙe, ko gogar bango bai yi ba. Malam ya ɗaga yatsu huɗu ya waiwayo, ta watsa masa harara, ya mayar da hannun aljihu. Noah ya ɗaure jirgin a bayan mota zai ajiye shi a gidansa na Bolari, sai bayan suna su wuce dam. Kande ta tsaya a tsakar gidanta da ta dawo mata, ta hango titi tarwai. Shagon tela ya zama na cajin waya, samari biyar suna zaune a benci, duk sun zubo ido. Ta ji kamar an cire mata mayafi a kasuwa. Ta ɗauko tsohon labule ta rataya a ƙofar zaure, iska tana ɗage shi tana saukewa yadda ta ga dama.

Ranar Juma'a gida ya cika. Da safe aka raɗa suna, maza suka zazzauna a zaure da ƙofar gida, mata suka mamaye tsakar gida har bakin madafa. Wajen hantsi Hajiya Jumma ta iso cikin leshi da ƙamshi, mata biyu na biye da ita da kaya. Ta ɗaga labule ta shigo, ta karya hagu kamar yadda ƙafarta ta saba, sai ta ga babu abin kewayewa. Ta dubi farin layin da gindin katangar ya bari a ƙasa, ta dubi labulen da iska ta sake ɗagewa, sannan ta dubi Kande.

"Hajiya Kande, barkanmu da arziki. Me ya sami katangarku? Ai tun daga bakin titi ake hango ku."

Kande ta gyara mata darduma, ta miƙe.

"Jirgin Malam ne ya wuce."

"Jirgi kuma?"

"Na ruwa. Ƙafa goma sha huɗu. Shi ya ƙera shi da hannunsa, a nan daidai inda za ki zauna. Bismillah, Hajiya."

Da ɗan ƙarfi ta faɗa, fiye da yadda ake bukata. Ta san Malam yana zaure, kuma ta san ya ji, don yanzu babu abin da ke tare magana tsakanin tsakar gida da inda yake zaune.