Kwandon Nonna Assunta

Kakata, Nonna Assunta, ta janyo kwandonta zuwa barandarmu ta hawa na huɗu, ta leƙa ciki. Maimakon burodi, bindigar roba. A ƙasa, samari 'yan yawon buɗe ido sun ɗaga wayoyi suna tuntsira dariya.

"Uwar daba! Sauko mana da kaya!"

"Uwarku ce uwar daba!" na ce. "Ku ɓace mana da gani!"

Sai ma suka juyo da wayoyin kaina.

"Nunzia, rabu da su," in ji Nonna. "Ni ina burodina?"

Tun da gwiwoyinta suka gaza da matakala, kwandon nan ya zama ƙafarta. Da shi take karɓar burodi wurin Carmine mai gasa shi, da shi take aika wa maƙwabta miyar tumatir, tana jan igiya tana jan hira.

*

Bara wasu masu haɗa wasan kwamfuta suka zo ɗaukar hotunan layinmu. Har kofi Nonna ta sauke musu. Da wasan ya fito, sai ga layinmu a cikin wani birnin makasa: shanyarmu, koriyar tagarmu, da wata tsohuwa mai baƙin mayafi da ake fizgar igiyarta ta sauko da bindiga.

Ba don ado na karanta shari'a ba. Na kira kamfanin.

Ma'aikacinsu ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙirƙirarriyar unguwa ce. Babu ita a duniya."

"To daga ina nake kiranka?"

Ya kashe waya. Shugaban unguwa ya ce in gode wa Allah, duniya ta san mu. Mai shagon kofi ya buga hoton kwandon a riguna. Ban yi kuka gaban kowa ba. Kullum da safe sai na yi gadin kwandon kafin in wuce aiki.

*

Ranar da na makara, wani ya fizgi igiyar kamar yadda ake yi a wasan. Ta tsarge wa Nonna tafin hannu, saura ƙiris ta faɗo ƙasa.

Ina ɗaure mata ciwon ta ce, "'Yar nan, naɗe igiyar. Tunda babu mu a duniya."

Yanzu ni nake hawa da burodin. Carmine bai daina ɗaga kai ba, barandar kuwa shiru. Amma ta tagar maƙwabta ina hango talabijin ɗinsu, inda waccan tsohuwar take ta sauke kwando, hannunta lafiya ƙalau.