Goron Sa'a

Jibirilu mai gyaran agogo ne ya ƙirƙiro wasan, a shekarar da 'yan Gana suka dawo daga Legas. A jikin wani tsohon katako ya zana hanyar fatake daga Kano zuwa Salaga, yadda kakansa ya ba shi labarinta. Kowane ɗan wasa madugu ne, jakunansa marafan kwalba. Jibirilu ke faɗin abin da ya tare hanya, ƙwayar ludo ta yanke hukunci. Kullum bayan la'asar ake zama a ƙofar shagonsa a unguwar Maamobi, can Gana, tafiya ɗaya kan ci sati uku.

Illar wasan jifa ɗaya ce. Mutum ya gama tattalin ayarinsa, ƙwaya ta ba shi ɗaya, komai ya salwanta. Haka mutum huɗu suka yi fushi suka koma dara, saura Ganiyu tela da Mutala direban motar haya ta trotro, wanda ƙwayar ma tasa ce. Jibirilu ya san in wani ya ƙara tafiya, wasan ya mutu. Sai ya kawo doka: ranar tashi kowa zai karɓi goro ɗaya, wanda jifa ta yi wa muni ya mayar da goron ya sake jefawa. Goro ɗaya, tafiya ɗaya.

Ran nan ayarin Mutala ya iso bakin kogin Kwara da jakuna goma sha biyu. Suna cikin haka Baba Mahama, dattijon unguwa, ya zo wucewa. Mutala ya miƙe ya gaishe shi, hannunsa ya shiga aljihu kamar yadda ya saba, ya ciro goron wasan ya miƙa masa. Baba ya ɓare goron, ya ba shi ɓari ɗaya, ya sa albarka ya wuce. Jibirilu na gani, bai ce komai ba.

"Kogi ya cika," in ji shi. "Jefa."

Ɗaya ta fito.

Mutala ya laluba aljihu, bakinsa ya tsaya da tauna. Ganiyu ya tuntsire da dariya.

"Direba ya cinye sa'arsa!"

"Rufe bakinka, mai ɗinkin faci." Mutala ya juya wajen Zuera mai goro da ke zaune da farantinta a bakin kwata. "Hajiya, kawo fari ɗaya!"

"Wannan ba zai shiga ba," Jibirilu ya ce a hankali.

"Goro ba goro ba ne?"

"In na faranti ya shiga, kowa zai zo da huhu guda. Ba wanda zai sake faɗuwa, kuma ba wasa ke nan."

"To dattijo ya tsaya a kaina, in bar shi hannu banza? Kai ma kana kallo ka yi shiru, munafuki!"

Maganar ta soki Jibirilu, don gaskiya ce, ya gani. Ya dubi Ganiyu. Ganiyu ya daina dariya.

"Ni nawa na kashe shi tun Zariya, ɓarayi suka kwashe rabin jakunana ban ce uffan ba. Ka ba shi na biyu, na tashi."

Ko ta ina dai ɗaya zai tafi. Jibirilu ya sa hannu ya fara kwashe marafan Mutala daga kan katako.

"Ruwa ya ci ayarin."

Mutala ya sunkuya ya tofa jan tukar goron a tsakiyar Kwara.

"Ga goronka na mayar. Ka zauna kai da telanka ku jefa agogo."

Ya ɗauke ƙwayarsa ya yi gaba.

Jibirilu ya goge katakon da tsumma, jan bai fita ba. Ganiyu ya karkaɗe wandonsa.

"Mutum biyu ba ayari ba ne, Malam," ya ce, shi ma ya miƙe.

Jibirilu ya jingina katakon a bayan ƙofa, fuskarsa na kallon bango, ya jawo agogon da ya bari a buɗe.