Sawun Alƙasim

Ƙarar da ƙafar Alƙasim ta yi sai da ta kai kunnen makaɗa. Ya kayar da abokin kokawarsa a filin Bouza, amma da ya miƙe, tafin ƙafarsa ta dama ya juye ciki kamar bakin lauje.

Maiguwa, shugaban 'yan kokawar Karofane, ya danna masa ƙwayar taramol biyu a baki, aka kwashe shi sai gidan Yaƙubu maɗori.

"Baba Yaƙubu, ɗaure muna ita da karare," in ji Maiguwa. "Jumma'a munka yi za mu kara da mutanen Tama. Ƙwaya na nan, ba ya jin komi."

Tsohon ya daɗe yana lallatsa ƙafar. Ƙashi bai karye ba. Ƙasan idon sawu ne ya goce, fata ta yi fari inda ƙashin ya tokare ta, yatsun sun yi sanyi. Shekara arba'in yana ɗori, bai taɓa mayar da kowa ba, kuma ya san bakin mutanen garinsu.

"Wagga ba tawa ba ce," ya ce. "In na ɗaure ta, mutuwa za ta yi."

"Tsufa dai ya ci hannunka."

"To, ya ci."

Ya aje kararen, ya sa aka ɗora Alƙasim a babur, shi ma ya hau baya yana tallafe da ƙafar har asibitin mishan.

* * *

Likita Ruth ta ɗaga hoton ƙashin wajen taga. Ta ce irin wannan gocewa sau biyu ta taɓa gani. Aka yi wa Alƙasim allurar barci, aka lanƙwasa gwiwa, ta ja diddige sannu har gaɓar ta koma, jini ya sauko yatsu.

"Baba, wa ya koya maka ganewa?" ta tambayi Yaƙubu.

"Waɗanda na ɗaure da ƙuruciya, ɗiyata. Ina ganin ɗingishinsu kullum."

* * *

Tama ta cinye Karofane. Maiguwa ya samo sabon gwarzo, ƙwaya kuwa ba ta yanke ba. Gari ya ɗauka cewa hannun Yaƙubu ya mutu, tabarmar ƙofarsa ta wuni ba kowa, abin kuwa yana cinsa.

Da damina ta faɗi, Alƙasim ya zo taya Yaƙubu shuka. Yana sara rami, yana jefa iri, yana rufewa da diddigen dama. Tsohon ya biyo shi da ƙwaryar iri a hannu, ya ma manta da zubawa. Sawun yake kallo a jiƙaƙƙen rairayi, hagu da dama, zurfinsu ɗaya.